Buhun Waken da Ya Je Dawanau Ya Dawo

A wannan makon mun ɗan ajiye labaran soyayya, za mu yi maganar wake.

Duk wanda ya san ƙasar Rano da Kibiya ya san yadda kaka take. Ana gama roro, ga bashin taki a wuyan manomi, ga biki, ga kuɗin makaranta. Sai ya kai wakensa kasuwa ranar da kowa ya kai nasa, farashi a ƙasa. 'Yan sari su saya, a loda a yi Dawanau da shi. Damina na nisa, rumbu ya yi ƙasa, sai waken ya juyo kudu mu riƙa awonsa a kwano da tsada. Buhu ɗaya ya hau mota sau biyu, an biya 'yan dako a kowace tasha, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin motar nan ba wasa ba ne. Mu muka noma, mu muke biyan kuɗin yawonsa.

Za a ce talauci ne ke sa mu sayar da wuri. Gaskiya ne, amma akwai tsoron ƙwari. Wake ba ya jira. In ka bar shi a buhu haka nan, kafin wasu watanni ya zama gari da ramuka. Shi ya sa wasu masu sito ke yayyafa masa fiya-fiya, abin da aka yi don sauro da kyankyaso. A lissafinsu wannan ce ajiya mafi araha. To, araha ba ta ado. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya saboda yawan irin wannan guba a jikinsa. Bature ya rufe ƙofarsa ya huta, mu kuwa da shi ake mana ƙosai da alale.

Abin takaicin, mafita ta daɗe da zuwa. Buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka fito da shi, leda biyu ne a cikin buhu. A busar da wake sosai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban. Ƙwaron da ke ciki ya rasa numfashi ya mutu. Babu magani ko ɗigo. Jarka mai murfi mai kyau ma aikin da take yi ke nan. Eh, ya fi buhun gama-gari tsada, amma in ba a huda ledar ba ana sake amfani da shi wata kakar.

Ra'ayinmu shi ne a yi lissafin ajiya tun a masussuka. A ware na ci, a ware na iri, sannan a ga abin da dole a sayar yanzu. Wanda bashi ya matsa wa ba zai iya jira shi kaɗai ba, wannan mun yarda. Amma mutanen da ke iya riƙe adashe shekara guda za su iya haɗa buhu ashirin a ɗaki ɗaya, su ranta wa mai buƙata, su jira farashin damina. Waken ya kwana a Kibiya, a ci shi a Kibiya, rarar ce kawai za ta hau mota.