Ƙyalle Ma Abin Nazari Ne: Shagon Yadi da Ɗinkin Haɗi a Masarautar Gumel

Duk wanda ya leƙa kundayen digiri da ke ajiye a sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu zai tarar da babi a kan sana'o'in gargajiya, kuma kusan jerin ɗaya ne: noma da ƙira da saƙa da rini da jima da dukanci da ɗinki. Idan aka zo kan ɗinki, sai a ambaci aska takwas da aska biyu da ƙwado da linzami, a jero sunayen huluna, a rufe babi da cewa zamani ya kashe sana'ar. A ganina an yi gaggawar yanke wannan hukunci. Sana'ar tana nan da ranta a ƙofar shagunan yadi da rumfunan teloli, kuma ɓangarenta da ya fi cancantar a waiwaya shi ne wanda aka fi rainawa, wato ɗinkin haɗi da ake yi da ƙyallaye. Masarautar Gumel, mai ƙananan hukumomi huɗu, Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ta isa misali.

Turmin atamfa yadi shida ne. Idan tela ya fitar da riga da zani da ɗankwali, dole a sami ragowa, kuma a jajibirin sallah ko lokacin ankon biki ragowar tana cika buhu. Ba a zubar da ita kai tsaye. Manyan ƙyallaye sukan zama rigar yaro ko aljihu ko shafin cikin riga. Matsakaita ake jerawa a haɗa zanen gado da labule da rigar matashi. Ƙanana kuwa da su ake cusa matashin kansa. Kowane mataki yana buƙatar sani: wane yadi ne ke zuba, wane ne ke tsukewa bayan wanki, wace kala ce ke zama kusa da wace. A bakin shago ake koyon wannan. Mai shago ya san hannun kowa a unguwa, yakan rataye aikin wata don wata ta gani, matan da ke cikin gida su aiko yara da samfuri, hoton salo kuma ya zaga daga waya zuwa waya. Makaranta ce da ba ta da rajista, shi ya sa ba mu ƙirga ta ba.

Haɗa ƙanana a sami babba tsohuwar hikima ce a tufafin Bahaushe. Masaƙarmu ta maza siririyar ƙwarya take fitarwa, sai an ɗinke ƙore da dama gefe da gefe kafin a sami gwado ko luru ko babbar riga. Lifidi kuma, wanda Tarihin Kano ya danganta shigowarsa da zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, yadi ne biyu da aka cusa wa auduga a tsakani aka bi da allura layi-layi don kada ta tattare wuri guda. Hatta alharinin da ya ƙawata rigunan sarakuna a ƙarni na 19 ragowar siliki ne daga masaƙun Turai, ana kawo shi ta Tarabulus a ƙetaro Sahara. Ke nan abin fada da abin talaka sun yi tarayya a dabara. Bambancinsu shi ne na fada ya sami masu rubuta shi, irin su David Heathcote da ya yi kundin digirinsa na uku a kan adon tufafin Hausawa a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, na talaka kuwa har yau yana jira.

Abin da ya sa Gumel ta dace da wannan nazari shi ne matsayinta na bakin iyaka. Tun a 1851 Heinrich Barth ya ratsa ta a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa, ya kuma bayyana ta a matsayin babbar kasuwar kanwa. A yau kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, wadda aka fi sani da dabbobi, tana tara mutane daga Magarya da Dungas da sauran ƙasar Damagaram, kuma wanda ya sayar da sa ba ya komawa gida ba tare da tufafin iyali ba. A nan naira ke haɗuwa da sefa, mai awo da yadi ya haɗu da mai awo da mita, Hausar da ta aro daga Ingilishi ta haɗu da wadda ta aro daga Faransanci, a ƙasar da sarautarta ke da tushen Mangawa. Wane suna ake kiran zane ɗaya da shi a Gagarawa, wane kuma a ƙetaren iyaka? Wane tasiri rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, suka yi wa farashin yadi da darajar ƙyalle? Waɗannan tambayoyi ne na harshe da al'ada da tarihi, kuma amsarsu tana bakin teloli.

Za a iya cewa ɗinkin ƙyalle aikin babu ne, kuma yadin da ake yi da shi yawanci daga Sin yake zuwa Kantin Kwari tun bayan durƙushewar masaƙun Kaduna da Kano, saboda haka bai cancanci sunan gargajiya ba. Maganar babu gaskiya ce, amma rashi bai taɓa hana gwaninta ba. A Gee's Bend, wani ƙauyen baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, mata sun shafe shekaru suna haɗa barguna da tsofaffin tufafi don maganin sanyi, sai a 2002 aka baje aikinsu a manyan gidajen tarihi na Houston da New York, masana suka shiga rubutu a kansa. Raina kama ka ga gayya. Batun asalin yadi kuwa, da da shi ake auna Hausancin aiki, da alharini ma ya fita daga lissafi. Hannun da ya yanka da idon da ya zaɓi kala da bakin da ya raɗa suna su ne na Bahaushe.

Jinkiri yana da hasara. Telolin da suka fara da ɗinkin hannu kafin su hau keke suna ƙarewa, tufafin gwanjo da ɗinkakkun kaya masu araha suna rage buƙatar haɗi, kalmar da ba a rubuta ba kuma tana bin mai ita kabari. A 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya, amma hawa, a Kano ko a Gumel, ba ya cika sai da masu ɗinka lifidi da jalala, kuma ba mu da cikakken bayanin yadda suke aikinsu.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Kwalejin Ilimi ta Gumel tana tsakiyar fagen, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa da Jami'ar Tarayya ta Dutse suna kusa. Maimakon a ci gaba da ba ɗalibai batun da za su kwafo daga kundin bara, a tura su shago ɗaya su zauna tun daga azumi har bayan babbar sallah, su naɗi hira, su ɗauki hoto da izinin masu aiki, su rubuta kowace kalma da garin da aka ji ta. Ɗalibai mata su ne za su iya shiga gidajen da aka ce ba shiga, inda mafi yawan haɗin ke gudana. Bargery bai cika ƙamusunsa na 1934 daga kan kujera ba, garuruwa ya bi yana tambaya. Mu da muke jin harshen tun daga nono, ga rumfar tela a ƙofar gidanmu, mun fi shi rashin uzuri.