Cinikin mota a Legas: A san farashi kafin a yi maganar ciko

Tun daga shekarar 2003, lokacin da gwamnatin Olusegun Obasanjo ta mayar da yawancin alfarmomin ma'aikata zuwa kuɗi a cikin albashi, ta kuma janye akasarin motocin ofis, sayen mota ya zama nauyin da ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ke ɗauka da kansa. Duk wanda ke kwana a Kubwa ko Nyanya ko Mararaba, ake kuma jiran sa a Sakatariyar Tarayya da ƙarfe takwas na safe, ya san matsayin mota a rayuwarsa. Sabuwa dal ta fi ƙarfin albashi, saboda haka ido kan koma Legas, inda jiragen ruwa ke sauke motocin tokumbo a tashar Tin Can da ta PTML, a kuma baje su a kasuwar Berger da sauran filayen sayar da motoci.

A 'yan shekarun nan tokumbon ma ta yi wa mai albashi nisa. An haramta shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa tun daga ranar 1 ga Janairun 2017, abin da ya rage kwararar motocin Kwatano. A 2022 Hukumar Kwastam ta fara ƙiyasta kuɗin fito ta hanyar lambar jikin mota da ake kira VIN. Sannan a watan Yunin 2023 aka bar kasuwa ta yanke wa naira daraja, har dalar da ake samu a kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura naira 1,500 a watan Fabrairun 2024. Da dala ake sayen motar a waje, da farashin dala kuma ake lissafin kuɗin fitonta. Ga shi mafi ƙarancin albashi, bayan ƙarin da aka yi a Yulin 2024, naira 70,000 ne kacal.

Wannan hali ya sa mutane da dama ba su iya zube kuɗin mota gaba ɗaya. Sai su koma ga musaya: a ba dila tsohuwar mota, a ɗora ciko, a karɓi wata. Babu aibi a cikin wannan ciniki, tun kaka da kakanni ana ba da gishiri a karɓi manda. Sai dai muna ganin wajibi ne a ja hankalin masu karatu kan gaskiya guda wadda yawanci ke ɓacewa a zafin ciniki. Musaya ciniki biyu ce a riga ɗaya. Akwai sayarwa, akwai saye, kowanne da farashinsa, kuma wanda ya yarda aka taƙaita masa magana a kan ciko kaɗai ya rufe idonsa ga duka biyun.

Bari mu buga misali da lissafi mai sauƙi. A ɗauka motar da kake so tana tafiya a kasuwa a kan naira miliyan 12, taka tsohuwar kuma za ta yi miliyan 5 in ka kai ta kasuwa. Cikon gaskiya miliyan 7 ke nan. Dila mai wayo zai yaba motarka, ya ce ya taya ta miliyan 6, ka ji daɗi cewa an ba ka fiye da yadda ka zata. Amma tasa ya sa mata miliyan 14. Ciko ya zama miliyan 8, ka tafi gida kana murnar ribar miliyan guda, alhali asarar miliyan guda ka yi. Wani kuma ta ɗaya gefen zai ɓullo: ya sallama tasa a miliyan 11 da rabi, ka ɗauka ka iya ciniki, sannan ya kushe taka, ya ce injin ya gaji, giya na fizga, ba za ta wuce miliyan 3 da rabi ba. Nan ma cikon miliyan 8 ne. Hanya biyu, masauki ɗaya.

Ga ma'aikacin da ya fito daga Arewa, cinikin Legas ba kasafai yake farawa a filin motoci ba. Da waya yake farawa, zuwa ga wani ɗan'uwa ko ɗan gari da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12, a ce masa ya duba mota mai kyau. Wannan dogaro yana da tushe mai zurfi. Goro ne ya fara jawo fataken Hausawa zuwa Agege, kuma da layin dogo daga Legas ya isa Kano a 1912, sai zangon ya bunƙasa, shanu na gangarowa Kudu, huhunan goro na haurawa Arewa. Har gobe mayankar Oko-Oba tana Agege, kuma al'ummar Hausawan wurin na da sarkinsu da masu unguwanninsu.

Abin da ya riƙe wancan ciniki na nesa shi ne tsarin maigida da dillali. Masanin zamantakewa Abner Cohen, wanda ya yi nazarin unguwar Sabo ta Ibadan ya kuma wallafa shi a 1969, ya bayyana yadda abin yake gudana. Baƙon falke kan sauka a gidan maigida, dillalan maigidan su nemo mai saye, la'ada sananniya ce, kuma in an ba da shanu bashi maigidan ne ke tsayawa. In mai saye ya gudu, mutuncin maigida da dukiyarsa ne a kan gaba. Amana a wancan zamani tana da adireshi, tana da wanda za a kama.

Yau kalmomin suna nan, amma ginshiƙin ya raunana. Hoton mota guda kan zagaya wayoyi da dama ta WhatsApp kafin ya iso Abuja, kowane hannu ya ɗora nasa a kan farashi. Ɗan'uwan da ka kira, mai yiwuwa da zuciya ɗaya yake maka hidima, amma shi ma ta bakin wani ya ji, wanda shi ma bai taɓa ganin mai motar ba. In matsala ta ɓullo bayan wata guda, kowa sai ya ce shi haɗa ciniki kawai ya yi. Ba muna zargin 'yan'uwanmu mazauna Legas ba ne, mafi yawansu da guminsu suke ci, kuma sun sha fitar da baƙi daga hannun 'yan damfara. Abin da muke cewa shi ne, zumunci ba ya gane motar da ta sha ruwa.

Akwai kuma bambanci tsakanin mota da sa. Gogaggen mahauci kan dubi sa ya faɗi nauyin namansa, mai goro kan buɗe huhu ya san kwanansa. Mota kuwa aibinta a ɓoye yake, ƙarƙashin sabon fenti da wankakken inji. Masanin tattalin arziki ɗan Amurka, George Akerlof, ya yi bayanin wannan tun a 1970, da misalin kasuwar tsofaffin motoci, aikin da ya kai shi ga lambar yabo ta Nobel a 2001. Ya nuna cewa idan mai sayarwa ya san abin da mai saye bai sani ba, mai saye kan taya kowace mota da tsoro, masu motocin kirki su janye, marasa kyau su cika kasuwa. Wato ɓoye aibi dila mai gaskiya ma yake cutarwa.

Kasuwarmu kuwa ta dace da wannan siffa. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Oktoban 2020 ya ce ƙananan motoci miliyan 14 da aka yi amfani da su ne Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa mana daga Amurka a gwanjon Copart ko IAA ake sayo su, inda kamfanonin inshora ke zubar da motocin da suka yi hatsari ko ambaliya ta shanye. Gyararriyar mota ba haramun ba ce, matuƙar an faɗa, aka kuma sa mata farashin gyararriya. Zaluncin shi ne a sayar da ita da sunan wadda ba ta taɓa ko ƙwarzane ba.

Saboda haka muna ba masu karatu shawarwari kamar haka. Na farko, a fara da sanin darajar tsohuwar motar tun daga gida. A kai ta wurin dilolin Abuja biyu ko uku, a ji tayin kuɗi a hannu. Mafi girman tayin shi ne ma'aunin da za a auna duk abin da za a faɗa a Legas. Ya kamata a tuna cewa dila zai taya ƙasa da farashin kasuwa, domin gyara zai yi, ya ajiye, ya nemi riba, kuma wannan haƙƙinsa ne. Abin da ake so shi ne a san girman ratar, a kuma yanke shawara ko sauƙin musayar ya kai wannan kuɗi. Sau da yawa sayar da tsohuwar a Abuja ya fi tuƙa ta tafiyar fiye da kilomita 700 zuwa Legas, domin wanda ya kai motarsa can ya riga ya nuna ba zai so komawa da ita ba, kuma dila ya san haka.

Na biyu, a gama cinikin motar da za a saya tamkar da kuɗi za a biya. Sai an ji kalmar sallamawa a kan adadi guda, sannan a kawo maganar musaya. A nemi a rubuta lambobi uku daban-daban: farashin wadda za a saya, farashin wadda za a bayar, da ciko. Dilan da ya ƙi rarrabe su, ya ce kawai a kawo kaza, ya ba da dalilin da za a ce masa albarka a yi gaba.

Na uku, a tambayi dillali tun farko, cikin mutunci, wa yake yi wa aiki, nawa ce kuma la'adarsa. Wanda zai karɓa daga mai sayarwa gwargwadon tsadar ciniki ba zai yi maka faɗan ragi da dukkan ƙarfinsa ba. Gara ka yanka masa la'ada bayyananniya daga aljihunka, ya zama naka kai kaɗai, ya kuma sada ka da mai motar ido da ido.

Na huɗu, ba a cinikin biri a sama. Kada kafin alƙalami ya fita kafin mutum ya ga motar, ko wakilin da ya san mota ya gan ta. A zo da makanike na kai, wanda ba na filin ba, ya sa na'ura ya duba inji da giya, ya leƙa ƙarƙashi, ya ɗaga kafet ya nemi tsatsa da laka. Lambar VIN harufa da lambobi 17 ce, ana ganin ta ta gilashin gaba da jikin ƙofar direba. A gwada ta da wadda ke kan takardu, a kuma nemi tarihin motar da ita a shafuka irin su Carfax in daga Amurka ta zo. Duk aibin da aka gano hujja ce ta neman ragi, wadda ta fi roƙo da magiya ƙarfi.

Na biyar, takardar kwastam. Motar da ba a biya mata cikakken kuɗin fito ba, ko aka yi mata takardar bogi, ana iya kama ta a kan hanya ko da ta sauya hannu sau uku, kuma wanda take hannunsa ne ke kwana a ciki. Ba a manta yadda Kwastam ta rufe filayen dilolin motoci a sassan ƙasar nan a watan Satumban 2019 ba, ko wa'adin kwana 90 da ta bayar a Maris ɗin 2024 domin masu irin waɗannan motoci su daidaita takardunsu. A tantance takardar a wurin hukumar kafin a biya. Haka nan wanda ya ba da tsohuwar motarsa ya tabbatar an rubuta yarjejeniyar sayarwa da sauya mallaka, domin muddin sunansa na kan takardu, duk laifin da aka aikata da ita ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa.

Hadiman manya, waɗanda ake aika su sayo wa maigida mota, suna da ƙarin dalilin kiyaye waɗannan ƙa'idoji. Kuɗin ba nasu ba ne, kuma in ciniki ya ɓaci ba asarar kuɗi kawai za ta biyo baya ba, har da zargi. Rasit mai ɗauke da lambobin nan uku, da biyan kuɗi ta banki zuwa asusun kamfanin dila maimakon na wani mutum, su ne shaidar hadimi ranar da aka tambaye shi.

Nauyin bai tsaya kan mai saye kaɗai ba. Muna kira ga Hukumar Kare Haƙƙin Masu Saye, FCCPC, wadda dokar 2018 ta kafa, da ta fitar da ƙa'ida ta musamman da za ta tilasta wa dilolin motoci bayyana tarihin hatsari ko ambaliya a rubuce, da rarrabe farashi a duk cinikin musaya. Ƙungiyar dilolin motoci ta ƙasa, AMDON, ta samar da takardar yarjejeniya iri ɗaya ga mambobinta, domin kare sunan masu gaskiya a cikinsu. Ƙungiyoyin adashen ma'aikata a ma'aikatu, waɗanda ke ba da rancen mota suna cirewa daga albashi, su daina sakin kuɗi sai sun ga rahoton makanike da shaidar kwastam.

Ga sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni a Agege da sauran unguwannin Legas, muna ganin lokaci ya yi da za a farfaɗo da tsohon tsarin a sabuwar siga: rajistar dillalan mota da aka san su, la'ada ƙayyadajjiya, da zauren da baƙo zai kai ƙara in an cuce shi. Kakanninsu sun yi haka da shanu da goro ba tare da kwamfuta ba, kuma da shi sunan zango ya yi nauyi daga Legas har Kano.

Ma'aikacin da ya ci bashin shekara biyu ko uku domin ya sayi mota, kuɗin makarantar 'ya'yansa da cefanen gidansa ne ya ɗora a kan teburin ciniki. Ya cancanci ya san nawa ya sayar, nawa ya saya, da kuma wanda zai kama in magana ta canza.