Kada a yi wa ɗan koyon badminton tsadar banza

Tun da aka yi Wasannin Afirka a Accra a watan Maris na 2024, inda Anuoluwapo Opeyori na Najeriya ya ci zinare a filin Borteyman, nake jin yara a makaranta suna tambayar raket. Iyaye kuma abin da suke tambayata shi ne, "Malam, wanne za mu saya?"

Ra'ayina: kada ku sayi mafi arha, kada kuma ku bi suna.

Waɗannan da ake sayarwa bibbiyu cikin leda a kasuwa, ƙarfe ne mai nauyi, an haɗa kan da sandar da wani maɗauri. A nan suke karyewa, kuma kafin su karye sun gajiyar da wuyan hannun yaro. A nemi na girafait wanda aka yi shi guda ba haɗi. Sai a duba rubutun jikin mariƙin. Idan an ga 4U, nauyinsa giram 80 zuwa 84 ne, 3U kuwa 85 zuwa 89. Ga yaro ko yarinya mai farawa, 4U ya wadatar. A ɗora sandar a kan yatsa, idan kan ya rinjaya sosai a ajiye shi, na masu ƙarfin duka ne.

Suna fa? Yonex na Japan da Li-Ning na Sin kaya ne masu kyau, amma jabunsu ya cika kasuwanni. Wanda ya miƙo maka "Yonex" a kuɗin kwanon shinkafa, to fenti ya sayar maka.

Abin da mu a Chereponi ya kamata mu fi dubawa shi ne igiyar. Ɗaure ta sai da inji, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Igiyar da aka ja ƙwarai tana saurin tsinkewa a hannun ɗan koyo, don ba kullum yake buga ƙwallon a tsakiya ba. A bar ta tsakanin fam 18 zuwa 22. Ragowar kuɗin a sa su a ƙwallo, domin ita ce ke cin aljihu. Ta gashin tsuntsu, mai gashi 16, wasa ɗaya ma na iya gamawa da ita, a busasshiyar iskar hunturu kuwa abin ya fi muni. Ta roba, irin su Mavis, tana jimawa.

Na dage a kan wannan saboda 'yan matanmu. Wasa ne da ba a taɓa jikin juna, raga na tsakani, ana yinsa da hijabi da dogon wando. Mariam Eniola Bolaji ta Najeriya ta ci tagulla a gasar naƙasassu ta Paris a 2024. Amma uban da ya fitar da sidinsa raket ya karye cikin mako biyu, da wuya ya sake saya, musamman idan 'ya mace ce ta roƙa.

Mai zuwa Tamale ko Yendi sayayya, ya riƙe raket ɗin a hannunsa, ya kaɗa shi, ya karanta mariƙin tukuna ya biya.