Azurfa Ba Ta Da Ido

Jama'ar Zongon Kwatano,

Saƙonni na yawo a WhatsApp suna tallar ruwan azurfa, wato ruwan da aka zuba wa ƙurar azurfa mai laushin da ido ba ya gani. Masu tallar na cewa wai yana kashe miyagun ƙwayoyin cuta, ya bar masu amfani. Wannan magana ba mu yarda da ita ba.

A hanjin kowane ɗan Adam akwai ƙwayoyin bakteriya, ninkin ba ninkin biliyan. Su ke taya mu narkar da abinci, su samar da bitamin K, su tare wa masu kawo gudawa gurbi. Azurfa kuwa tana ɓarke fatar ƙwaya ne, ta lalata cikinta, ba ta tambayar ko ta gida ce ko baƙuwa. Gobara idan ta tashi a Dantokpa, takan tsallake rumfar mai gaskiya? Wasu gwaje-gwaje a kan ɓeraye sun nuna ƙurar azurfa na birkita ƙwayoyin hanji. To, mai talla ya zaɓa: in ruwansa na da ƙarfin kisa, na gida ma za su mutu, in ba shi da shi, ruwa yake sayar mana da tsadar magani.

Za a ce ai asibiti ma na aiki da azurfa. Haka ne, a man shafa wa ƙuna, bisa fata, da awo. Sha kuwa wani abu ne daban. Jiki ba ya buƙatar azurfa, kuma wadda ta taru takan mai da fata shuɗiya-toka, launin da ba ya fita. Tana kuma rage shigar wasu magunguna jini, kamar tetracycline. Tun 1999 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yanke cewa ba a tabbatar da amfaninsa ko amincinsa ba.

A garin nan Jacques Chirac ya yi kiran yaƙi da jabun magani a 2009, kuma a 2017 hukuma ta kwashe magungunan Adjégounlè. Abin da aka kora daga kasuwa, kada mu buɗe masa ƙofa ta waya. Mai zazzaɓi ko gudawa ya ga likita. Wanda saƙon ya iso wayarsa kuma, ya goge shi, kada ya tura wa ɗan'uwansa.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.