Lakar fadama ba ta da buhu a kasuwa

Ga lokacin noman rani ya ƙarato, kowa hirarshi kuɗin buhun taki da na man injin ban ruwa. Ni kuwa magana ɗaya nake so mu duba: mi ya sa fadamar da kakanninmu sunka noma shekaru ba tare da takin zamani ba, yau take neman buhu bisa buhu?

Amsar tana cikin laka. Gulbin Maradi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya shigo ta wajen Madarunfa, ya bi ta Maradi da Tibiri da Gidan Runji, ya koma Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. In ya cika ya batse da damina, yana ɗauke da lallausar ƙasa da ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi daga jigawa. Ruwa na janyewa, sai ya shimfiɗa su bisa fadama. Daga nan gara da tana da ƙwayoyin halittar da ido ba ya gani su kama aiki, su ruɓar da su, azot da fosfor su fito yadda saiwa za ta iya sha. Amfanin gona ya ci, karanshi da ganyenshi su koma ƙasa, wata shekara a sake. Haka nan abin yake a kwarin Majiya na jihar Tawa da Koramar Damagaram.

To, wanga zagaye ne muke tsinkewa. Tun da aka yi madatsar Jibiya wajen 1990, cikar gulbi ta rage, kuma laka mai yawa tana kwantawa bayan madatsa. Wannan magana ce ta hukumomin ƙasashen biyu. Amma sauran ɓarnar da hannunmu muke yi. Ana ƙwaƙule baƙar ƙasar sama a buga tubali. Ana kwashe kara da harawa kaf a kai kasuwa, abin da ya saura a cinna mishi wuta, azot ɗin da ke ciki ya tashi da hayaƙi. An sassare itacen bakin gulbi, shi ya sa ƙorama ke zaizayar gaɓa ta juye rairayi bisa laka.

Wani zai ce: ai ga taki a buhu. Gaskiya ne, ƙasarmu tana da ƙarancin fosfor, babu mai hankalin da zai hana manomi sa taki. Amma mu san halinshi. Buhun uriya mai kilo 50, kilo 23 ne azot a ciki. In ka watsa shi bisa ƙasa cikin zafin rana, wani kashi ya bi iska. In fage ya daɗe cike da ruwa har ƙasa ta rasa numfashi, ƙwayoyin halitta su mai da wani kashi iska. In rairayi ne, ban ruwa ya wanke shi zuwa rijiya ko tabki, ya zama abincin kainuwa da kacala. Laka da ruɓaɓɓen taki su ne ke riƙe shi kusa da saiwa. In babu su, zuba taki kamar ɗibar ruwa ne da rariya, kuma kuɗinka ne ke tsiyayewa.

Kar a ce ban san halin da ake ciki ba. Mai saida harawa da rani ba don daɗi yake yi ba, cefanen gida ne. Mai buga tubali ma abincinshi yake nema. Sai dai kuɗin tubali sau ɗaya ake amsa, rami kuwa har jikoki sai sun gada.

Mi ya kamata? A bar ko da rabin kara a gona. A mai da tsohuwar al'adar nan ta bai wa makiyaya masauki bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. A dinga juya shuka da wake da gyaɗa, don saiwarsu tana ɗauko azot daga iska. A kyale gawo ya girma, shi da ke zubar da ganye da damina daidai lokacin da shuka ke buƙata. Takin zamani kuwa a binne shi kaɗan-kaɗan gindin shuka, kamar yadda masu binciken ICRISAT a Sadore sunka gwada ga hatsi, giram 6 na 15-15-15 a kowane rami. Magadan gari da sarakuna su ware wurin ɗibar ƙasar tubali nesa da fagagen noma, su kuma tsaya a kan maganar.

Taki in ya ƙare ana sayo wani. Laka in ta tahi, babu kantin da ke saida ta. Ku da ke bakin gulbi, yaya fadamarku take bana in kun gwada da shekara goma baya? Allah ya ba mu rani mai albarka.