Finafinan Dillalan Ƙwaya da Darasin da Ke Cikinsu ga Ƙasar Daura

Tun da gidajen silima suka ja baya, kallo ya koma cikin aljihu. A Daura da Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, watau ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, yaro yakan je wurin masu tura finafinai a kasuwa, ya ba da kuɗi kaɗan a cika masa waya da na Amurka da na Indiya waɗanda aka fassara da Hausa. Daga cikin waɗanda samari suka fi so akwai wani iri mai labari ɗaya tak: matalauci ya shiga birni hannu rabbana, ya faɗa fataucin ƙwaya, ya yi kuɗi na fitar hankali, sa'an nan ya mutu mummunar mutuwa ko ya ƙare a kurkuku. Iyaye da malamai suna kuka da waɗannan finafinai, wasu ma suna kira a hana su. Ya kamata mu duba al'amarin a tsanake, domin illarsu ta wuce inda ake zato.

Wannan irin labari tsoho ne. A Amurka ya kafu tun wajen 1931 da 1932, lokacin da aka haramta sayar da giya kuma 'yan daba suka mallaki kasuwarta. Daga 1934 masu shirya finafinai a can suka fara aiki sosai da wata ƙa'ida wadda ta ce tilas mai laifi ya ga sakayya kafin fim ya ƙare. An daɗe da watsi da ƙa'idar, amma tsarin ya zauna. A 1983 aka fito da Scarface, inda Al Pacino ya fito a matsayin Tony Montana, ɗan gudun hijira daga Kuba wanda ya zama sarkin hodar iblis a birnin Miami. A 1991 aka yi New Jack City a kan unguwar Harlem ta New York, a 2007 kuma American Gangster a kan Frank Lucas, wanda mutum ne na gaskiya. A 2015 aka soma nuna Narcos, labarin Pablo Escobar na Kolombiya. Indiya ma ba a bar ta a baya ba, tun daga Don na Amitabh Bachchan a 1978.

Masu kare waɗannan finafinai sukan ce ai wa'azi ne, tun da yake a ƙarshe mugu ba ya kai labari, kuma gani ga wane ya isa wane tsoron Allah. To, amma a auna lokacin. Scarface ya kusa awa uku, mafi yawansa kuwa hawa ne: motoci, gidaje, tufafi, da mutane suna durƙusawa. Faɗuwar ƙarshe 'yan mintoci ce, ita ma an yi mata ado har ta zama kamar mutuwar jarumi a fagen fama. Saurayin da ya gama makaranta ba aiki, yana zaune a bakin titi yana ganin sa'o'insa suna wucewa a mota, ba wuya a san ɓangaren da zai riƙe a ransa. Wannan ita ce illa ta farko, kuma kowa ya san ta.

Illa ta biyu ta fi ɓoyuwa, manya kuma take kamawa. Fim yana koya wa mai kallo cewa fataucin ƙwaya labarin mutum ɗaya ne. In ya faɗi, sai a rubuta ƙarshe, kowa ya tashi ya kama gabansa. Mu a ƙasar Daura mun saba da irin wannan labari, gama an gaya mana macijiya ɗaya ce ta tsare rijiyar Kusugu, Bayajidda ya sare ta, jama'a suka sha ruwa. Ƙwaya kuwa kasuwa ce, kasuwa kuma ba ta mutuwa don an kashe ɗan kasuwa ɗaya. An harbe Escobar a birnin Medellin a watan Disamba na 1993, nan take 'yan birnin Cali suka gaji cinikin, kuma rahotannin Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna hodar da ake sarrafawa a Kolombiya a 'yan shekarun nan ta fi ta zamaninsa nesa ba kusa ba.

Ba sai mun je Kolombiya ba. A 1984, gwamnatin soja ta Manjo Janar Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari wanda Allah ya yi wa rasuwa a watan Yuli na 2025, ta kafa Doka ta 20 wadda ta tanadi hukuncin kisa ga masu fataucin hodar iblis, har da laifin da aka aikata kafin a kafa ta. Ran 10 ga Afrilu, 1985, aka harbe samari uku a Kirikiri ta Ikko: Lawal Ojuolape da Bernard Ogedengbe da Bartholomew Owoh. Ba a taɓa nuna wa ƙasar nan ƙarshen fim mai ban tsoro kamar wannan ba. Duk da haka cinikin bai tsaya ba. Gwamnatin da ta biyo baya ta mai da hukuncin ɗauri, kuma a 1989 sai da aka kafa hukuma ta musamman, watau NDLEA, da Doka ta 48. A watan Satumba na 2022 wannan hukuma, a ƙarƙashin Birgediya Janar Buba Marwa mai ritaya, ta kama hodar iblis fiye da kilo 1,800 a wani gidan ajiya a Ikorodu. Shekara 37 bayan harbin Kirikiri ke nan.

Bugu da ƙari, ƙwayar da ke cin 'ya'yanmu ba ita ce ta cikin fim ba. Hodar iblis kayan masu hannu da shuni ce, yawancinta ma wucewa take yi zuwa Turai. Abin da ke yawo a Arewa shi ne tabar wiwi da tiramol da maganin tari mai kodin da sholisho. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka bayyana a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 ne tsakanin shekara 15 zuwa 64 suka yi mu'amala da ƙwaya cikin shekara guda a Nijeriya, kimanin miliyan 3 daga cikinsu a shiyyar Arewa maso Yamma, inda Jihar Katsina take. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC ya tona yadda ake fitar da shi ta bayan fage daga kamfanonin magani. Hukumar NAFDAC ta yarda da tiramol mai ƙarfin miligiram 50 da 100 ne kawai, alhali kuwa wanda ake kamawa yakan kai 225.

Mai karatu zai ga cewa a wannan ciniki babu Tony Montana. Akwai dai sarƙa doguwa: kamfani a wata ƙasa, mai shigo da kaya ta tashar jirgin ruwa, jami'in da ya kau da kai, direban babbar mota, mai kemis marar lasisi, sa'an nan yaron da ke miƙawa a lungu. Na ƙarshen nan shi ake kamawa a ɗauki hotonsa, washegari wani ya maye gurbinsa. Masarautar Daura kuwa tana bakin iyaka ne, ga hanyar Kwangwalam zuwa Damagaram, ga kasuwar Mai'aduwa mai tara mutanen ƙasashe biyu, ga hanyoyin daji ba iyaka. An rufe iyakar daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin Nijar na 2023 har zuwa Maris 2024. Mazauna bakin iyaka sun san wanda ya fi shan wuyar rufewar: mai halattaccen ciniki ne.

Akwai kuma mutumin da majigi ba ya nunawa sam, watau mai saye. Ba a nuna ɗan acaɓa da leburan da suka fara shan tiramol don su jure aiki har suka kasa rabuwa da shi. Ba a nuna matar aure da ke ɓoye kwalba a ɗaki, ko uban da ya sayar da gonarsa don jinyar ɗansa. Alhali kuwa Hausawa sun ce in ɓera da sata, daddawa ma da wari; muddin akwai mai nema, mai kawowa ba zai ƙare ba.

Shin hani ne magani? A watan Satumba na 2021 Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ta hana nuna shaye-shaye da garkuwa da mutane da ƙwacen waya a finafinan Hausa. Manufar tana da kyau, amma hukumar ba ta da iko a kan abin da ke shigowa waya ta intanet. Sakamakon irin wannan hani shi ne a rufe bakin ɗan gida wanda zai iya faɗin gaskiya da harshenmu, a bar fage ga baƙo. Abin da ya fi dacewa shi ne a hana yi wa laifi ado, a kuma ƙarfafa wa marubutanmu gwiwa su ba da labarin daga ɓangaren mai sha da iyalinsa, su nuna ɓarawon zaune wanda ba ya taɓa kaya da hannunsa.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Katsina da ta sa ido sosai kan lasisin shagunan magani, ta kuma ƙara wuraren gyaran masu shaye-shaye a shiyyar Daura, musamman yanzu da ɗalibai suke ƙaruwa a garin saboda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Sufuri. Muna roƙon Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da ya umurci hakimai da dagatai da masu unguwanni su riƙa bin diddigin masu sayarwa da masu ba su hayar shago. Limamai su daina ɗaukar mashayi tamkar wanda ya riga ya halaka, domin majinyaci ne mai bukatar magani. Iyaye kuma su zauna su kalli abin da 'ya'yansu ke kallo, su tambaye su wa ya sayi kayan da suka gina wa jarumin gidansa, kuma ina mai sayen ya ƙare. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya kiyashe mu da zuriyarmu, amin.