Ɗanyen masoro da maganin da ake jingina masa

Masoro kore da baƙi da fari duk 'ya'yan tsiro ɗaya ne mai yaɗo, Piper nigrum, wanda asalinsa gaɓar Malabar ce a kudancin Indiya. Koren ana tsinke shi tun bai nuna ba, a tsoma shi cikin ruwan gishiri ko a busar da shi cikin hanzari kafin ya rine. Wanda aka shanya a rana shi ne yake komawa baƙi. Masoron nan mai 'yar wutsiya da ke cikin yajin Hausawa ɗan'uwansa ne, Piper guineense, na dazukan Afirka ta Yamma.

Masu tallan ɗanyen masoro sukan jero ƙarfe da manganis da bitamin K. Ba ƙarya suka yi ba, sai dai alƙaluman nasu na giram 100 ne, alhali ƙaramin cokali na busasshen masoro bai wuce giram biyu zuwa uku ba, kuma tukunyar iyali guda ake zuba wa. Mai neman ƙarfe a jininsa, wake da hanta da zogale sun fi masa nesa ba kusa ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne fiferin, sinadarin da ke ba masoro zafinsa, wanda Hans Christian Ørsted na Denmak ya fara warewa a 1819. Fiferin yana rage saurin da hanji da hanta suke narkar da wasu sinadarai su fitar da su, saboda haka abin da aka sha tare da shi yakan taru a jini fiye da ƙima. A wani bincike da aka wallafa a 1998 daga Bangalore, miligiram 20 na fiferin ya ninka yawan kurkumin, sinadarin kurkur, da ke shiga jinin mutum kusan sau ashirin. Wannan ne ya sa kamfanoni suke haɗa su biyun cikin ƙwaya ɗaya.

Abin da tallar ba ta faɗa shi ne, fiferin bai san kurkur daban, maganin asibiti daban ba. An nuna yana ɗaga adadin fenitoyin da kabamazefin a jini, magungunan farfaɗiya ne waɗanda tazarar da ke tsakanin warkarwarsu da gubarsu ƙanƙanuwa ce. A 2019 hukumomin lafiya na Italiya sun tattara rahoton mutane fiye da ashirin da hantarsu ta kumbura bayan shan ƙwayoyin kurkur, da yawansu masu ɗauke da fiferin. Barbaɗa masoro a miya bai kai nan ba. Tataccen da ke cikin kwalba, wanda ake haɗiya safe da yamma da sunan “na gargajiya ne, ba ya cutarwa”, shi ne abin da mai shan magani na dindindin ya kamata ya nuna wa likitansa tukuna.

Mai hawan jini kuwa, matsalarsa ba ta ga masoron ba, tana ga ruwan gishirin da aka adana shi a ciki. A tsiyaye, a ɗauraye.

Darajar ɗanyen masoro a harshe take. Zafinsa bai kai na baƙin ba, ƙamshinsa kuma irin na ɗanyen ganye ne, shi ya sa masu girki a Tailan suke jefa shi da zangarniyarsa cikin soye-soye, Faransawa kuma suke yin romon nama da shi. Ana nomansa a kusa ma, a yankin Penja na Kamaru, inda masoron ya samu rajistar kare sunan asalinsa a 2013. Ƙamshin ba ya jure doguwar wuta, don haka sai girki ya kusa sauka ake zuba shi.